Yaro Ya Yi, Malama Ta Lura: Yadda Ake Tafiyar da Ajin Nazare a Legas

Duk wanda ya bi ta bayan tagar ƙananan makarantun Agege, Idi-Araba ko Mile 12 da hantsi ya san muryar: malama ta faɗa, yara talatin su amsa baki ɗaya, ta maimaita, su maimaita. A haka ɗan shekara 4 yake iya rero ɗaya zuwa hamsin da Turanci ba tuntuɓe. Amma a zube masa murfin lemo bakwai a ce ya miƙo huɗu, sai ya damƙo iya abin da hannunsa ya ɗauka. Ya haddace waƙar ƙirga, bai san ƙirga ba. Wannan giɓin ne koyarwa mai sa yaro a tsakiya take cikewa.

Ba a ce a saki yara su yi ta ɓarna malama na kallo ba. Abin nufi shi ne hannun yaro da bakinsa su fi kowa aiki a aji, ita kuma malama ta koma mai shirya wuri, mai tsara lokaci, mai lura, mai jefa tambaya a daidai gaɓar da ta dace. Sunan Montessori ya cika allunan makarantu a Legas har ana ɗauka harka ce ta masu hali. Alhali Maria Montessori, likita 'yar Italiya da tsarin ya ci sunanta, ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara ne a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, domin 'ya'yan leburori mazauna gidajen haya. Saboda haka ƙuncin ɗaki da ƙarancin kuɗi ba su hana.

Matakan da ke tafe an auna su ne da ajin 'yan shekara 3 zuwa 5, yara kimanin 25, adadin da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta yanka wa malami ɗaya a wannan mataki, tare da mai taimako guda. Da malama ake magana domin mata ne suka fi riƙe waɗannan azuzuwa, amma malam ma da shi ake.

Mataki na 1: Sauko da ɗakin zuwa tsayin yaro

Ki durƙusa a bakin ƙofa har idonki ya zo daidai da na ɗan shekara 4, wato kusan mita 1 daga ƙasa, ki dubi ajin. Yawanci ƙafafun benci za ki gani da bango fayau, domin hotunan duk suna can sama inda manya ke kallo. Ki sauko da su. Ki tura bencina jikin bango, ki bar gajerun tebura biyu ko uku, ki shimfiɗa tabarmi.

Sai ki raba ɗakin kusurwa huɗu: ta gida da kasuwa, ta gini, ta zane da rubutu, da ta littattafai. Ruwa da yashi su tafi baranda. Kusurwar gini ita ce mai hayaniya, kada ta haɗa kafaɗa da ta littattafai. Kanta ko kwalin da ya raba kusurwa da kusurwa kada ya wuce ƙugunki, yadda daga ko'ina kika tsaya kina ganin kowa.

Makarantu da yawa a nan ɗakin gidan haya ne ko shago aka mayar aji, kusurwa huɗu ba za su zauna dindindin ba. To kowace kusurwa ta zama robar fenti mai murfi da tabarmarta: an shimfiɗa tabarma an buɗe roba, kusurwa ta samu, an gama an naɗe. Kuma a Legas komai sai an ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo ko katako. Ruwan Yuni da Yuli yana shiga ɗakuna, laima tana sa takarda ta yi fumfuna, gwangwani ya yi tsatsa cikin makonni.

Kowace kusurwa ta ɗauki yara biyar ko shida. Ki rataya katin wuya shida masu launi ɗaya a bakin kowacce, da zaren da yake tsinkewa idan an fizge shi. Wanda zai shiga ya rataya ɗaya; idan sun ƙare, wuri ya cika. Katin ne zai riƙa cewa a'a, ba bakinki ba.

Mataki na 2: Tara kaya

Kayan da suka fi amfani su ne waɗanda za su iya zama abu goma a hannun yaro. Motar roba mota ce kullum, amma guntun katako yau mota ne, gobe waya, jibi buredi. Ki nemi guntayen katako 40 zuwa 60 wurin kafinta, a goge gefensu sumul. Tela zai ba ki ƙyallaye. Iyaye su tara murfin lemo kamar 200 masu launi daban-daban, da kwalaye, da robobin ruwa, da tsofaffin cokula, ludayi, mazurari da mudu.

Kusurwar kasuwa ta yi kama da kasuwar da yaran suka sani. Da yawansu iyayensu a kasuwar Mile 12 suke nema, sun saba ganin kwandon tumatir, buhun albasa, ciniki da canji. Ki dunƙula tsohuwar takarda a yi tumatir da tattasai, ki yanka kuɗin wasa, ki sa faranti da ƙaramin kwando. A nan za ki ji lissafin da yaro ya ƙi yi miki a kan allo.

Ƙullin wasa kuwa, gwangwanin madara shi ne ma'auni: fulawa 2, gishiri 1, man gyaɗa cokali 2, ruwa kusan gwangwani 1 ana zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa. Ruwan zoɓo ko kurkum ya isa launi. Gishiri yana jan laima, shi ya sa da damina ƙullin kan wayi gari yana danƙo. A barbaɗa fulawa a sake murzawa, a ajiye a roba mai murfi. Da ya canza wari a zubar. Ba a bari yara su ci, gishirinsa ya yi yawa.

Abubuwa uku ba a sakaci da su. Idan akwai 'yan ƙasa da shekara 3, ko mai kai komai baki, duk abin da zai iya wucewa ta cikin bututun kwalin da ake naɗe takardar bayi a kai to zai iya shaƙe yaro, har da murfin lemo da wake. Ƙaramin batirin agogo kada ya kwana a aji, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. Bahon ruwa kuma, ko kaɗan ne a ciki, ba a barinsa babu babba a kusa, kuma ana kife shi kullum saboda sauro.

Mataki na 3: Tsara yini

Cunkoson hanya ba ya barin yara su iso lokaci ɗaya. Daga 7:30 zuwa 8:15 ki baza kayan da ba sa buƙatar bayani, kamar ƙulli da littattafan hoto, wanda ya iso ya zauna. Da 8:15 a yi da'ira a kan tabarma: gaisuwa, addu'a, wa ya zo wa bai zo ba, a ƙirga kawuna. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Da kin wuce haka za ki ga an fara mintsini da jan hijabi, kuma laifin tsawon zaman ne, ba na yaran ba.

Daga nan sai lokacin zaɓi, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin duka: minti 45 zuwa 60 ba katsewa. Masu tsarin koyar da ƙananan yara da ake kira HighScope, wanda ya faro a jihar Mishigan ta Amurka a shekarun 1960, sun raba shi gida uku, kuma rabon yana aiki. Da farko kowane yaro ya faɗi abin da zai yi: “Zan gina gareji.” Sai ya je ya yi. A ƙarshe ya dawo ya ba da labarin abin da ya yi. Faɗin niyya kafin aiki yana koya masa tunani gaba da hannu, ba da labari kuma yana koya masa jera magana. Ba sai kowa ya ba da labari kullum ba, biyar a rana sun isa.

Me ya sa har kusan awa guda? Domin mintocin farko yawo ne da leƙe-leƙe. Sai bayan nan yaro yake nutsewa cikin abu ɗaya. Malamar da ta ba da minti 20 ta yanke, yawon kawai ta samu, sai ta ce tsarin ba ya aiki. Ki sanar saura minti biyar kafin a tashi. Tattara kaya kuma darasi ne mai zaman kansa: ja wurin ja, dogo wurin dogo. Ki manna hoton kowane kaya a jikin robarsa.

Bayan wanke hannu da sabulu da cin abinci, sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara 3 zuwa 4 suna buƙatar motsi na minti 180 a yini, 60 daga ciki mai sa haki, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Yaron da ke zaune a ɗaki ɗaya a saman bene, an hana shi titi saboda babura da kwata, wataƙila makaranta ce kaɗai inda zai yi gudu. In babu fili, ki zana gidajen tsalle da alli a baranda, a yi langa, a yi gaɗa, rabin aji a waje rabi a ciki.

Sai ƙaramin rukuni na minti 15, yara shida zuwa takwas tare da ke, sauran suna wurin mai taimako. A nan kike koyar da abin da kika nufa kai tsaye. A rufe yini da tatsuniya.

Mataki na 4: Shigo da shi sannu

Babban kuskure shi ne a buɗe kusurwa huɗu rana ɗaya ga yaran da suka saba zaman benci. Kafin azahar kaya sun watse, an yi kuka, mai makaranta ya leƙo ya ce a koma yadda ake. Ki buɗe kusurwa ɗaya a makon farko. Ki nuna da hannu, a hankali, da magana kaɗan: ga yadda ake ɗauka, ga yadda ake amfani, ga yadda ake mayarwa. Yaro biyu su gwada a gaban sauran. Mako na biyu a ƙara wata. Cikin wata guda duk sun buɗe.

Hayaniya za ta ƙaru, ki sa wannan a ranki. Amma kunne yana rabe hayaniyar aiki da ta gundura. In yara suka koma jifa da kaya, ko dai kayan sun yi yawa, ko sun daɗe ba a canza ba. Duk mako biyu ki ɗauke wasu ki fito da wasu.

Mataki na 5: Gyara bakin malama

Lokacin zaɓi ba lokacin hutunki ba ne, ba kuma na duba waya ba. Ki zauna a ƙasa kusa da masu wasa, ki kalli abin da suke yi kafin ki ce uffan. Tambayar “wane launi ne wannan?” amsarta kalma ɗaya ce, kuma yaro ya san jarrabawa ce. Ki ce: “Yaya aka yi ya tsaya bai faɗi ba?” ko “In muka ƙara ɗaya a sama me zai faru?” Bayan tambaya ki ƙirga biyar a zuci. Manya da yawa ba sa iya wannan shirun, sai su amsa da kansu.

Idan yaro ya ce “Anti, mota ta tafi,” ki ɗora masa kaɗan: “Eh, babbar motar ta tafi da buhunan albasa. Ina za ta?” Idan ya kasa abu, ki ba shi taimako mafi ƙanƙanta da zai isa: ki riƙe masa gindin ginin, shi ya ɗora. Masanin nan na Rasha, Lev Vygotsky, ya nuna cewa koyo yana faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an ɗan tallafa masa. Ki ja kunnen mai taimako a kan wannan, domin tausayi yakan sa ta karɓe fensir ta ƙarasa wa yaro zane.

Sai batun harshe, wanda a Legas ba ƙarami ba ne. Yaron Zangon Agege yana jin Hausa a gida, Yarbanci da buroka a layi, Larabci a Islamiyya, Turanci a nazare. Wannan arziki ne. Hana shi Hausa a aji, ko cin tararsa in ya yi, ba ya gaggauta Turanci, sai dai ya rufe masa baki, kuma yaron da ya yi shiru ba ki da hanyar sanin abin da ya gane. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yaran firamare da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su koma baya a Turanci ba. Ki fara sabon abu da harshen da yaron ya fi ji, sannan ki sa masa sunansa na Turanci yana riƙe da abin a hannu. In akwai 'ya'yan Yarbawa ko Ibo a ajin, a koyi gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa biyar da harshen kowa.

Yaron da aka kawo daga Arewa kwanan nan yakan yi makonni bai ce komai da sabon harshe ba. Sauraro yake. Kada a tsayar da shi gaban aji a ce sai ya maimaita. A haɗa shi da aboki mai jin Hausa.

Tatsuniya ma kada ta zama ke kaɗai ke zuba. Bayan “ga ta nan ga ta nanku”, ki tsaya a tsakiya ki tambaya: “Ku kuna ganin Gizo zai faɗa wa Ƙoƙi gaskiya?” Washegari su kwaikwayi labarin da ƙyallaye.

Mataki na 6: Ƙirga da rubutu

Ki gwada kowane yaro da murfi biyar. Yana taɓa ɗaya-ɗaya yana faɗin lamba ɗaya ga kowanne, ko bakinsa ya riga yatsansa? In ya gama kika ce “nawa ne?”, yana cewa biyar, ko sake ƙirgawa yake daga farko? In kika ce “ba ni uku”, yana tsayawa a uku? Wanda bai tsallake waɗannan ba, rubuta masa 1 zuwa 100 ɓata takarda ne. A tsaya a kan biyar, sannan goma, da cokula, takalma da matakalar bene. Kada ki damu in kin baza murfi biyar sun yi tsawo ya ce sun fi biyar ɗin da ke cure yawa. Masanin tunanin yara, Jean Piaget, ya nuna haka yawancin yara suke gani kafin su kai shekara 6 ko 7.

Rubutu kuma daga kafaɗa yake farawa kafin ya iso yatsu. Yawanci yaro yana kwaikwayon da'ira wajen shekara 3, layi biyu da suka gitta juna wajen 4, mai kusurwa uku wajen 5. Wanda bai iya layin karkace ba, haruffa irin su A da K wahala ce kawai gare shi. Tilasta wa ɗan shekara 3 cika shafi yana sa ya damƙe fensir da dunƙulen hannu, riƙon da ke da wuyar gyarawa daga baya. A fara da murza ƙulli, yaga takarda, zura zare a robar da aka huda, zane da yatsa a farantin yashi, da alli mai kauri a ƙasa. Harafin farko da za a koya masa shi ne na farkon sunansa, kuma da sautinsa.

Akwai abin da ya keɓanta da yaranmu. Da yamma a makarantar allo suna bin rubutu daga dama zuwa hagu, da safe a nazare daga hagu zuwa dama. Don haka za ki ga yaro ya fara sunansa daga gefen dama. Ba daƙiƙanci ba ne. Ki ɗiga kore a gefen hagu na takarda ki ce “boko daga nan yake tashi”. Juya b da d kuwa abu ne da aka saba gani har wajen shekara 7.

Mataki na 7: Lura da rubutawa

Ki riƙe ƙaramin littafi. Kullum ki zaɓi yara biyar. Cikin mako kin zagaye 25. Ki rubuta kwanan wata da abin da idonki ya gani, ba hukunci ba. “Ta ƙirga cokali shida daidai, ta tsallake na bakwai” yana gaya miki abin da za ki yi gobe. “Tana da ƙoƙari” ba ya gaya miki komai. Ranar Juma'a ki duba littafin, daga shi za ki fitar da rukunonin mako mai zuwa.

Littafin ne zai tona abin da ido ke tsallakewa: yarinyar da ba ta taɓa shiga kusurwar gini ba domin maza sun mamaye, da yaron da shafinsa fayau yake domin ba ya damun kowa. Wanda ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko yake kai littafi dab da ido, a sanar da iyayensa su kai shi a duba kunne da ido.

Idan rigima ta tashi

Gwamnatin Jihar Legas ta hana duka a makarantu, kuma ko ba doka, bulala tana kashe abin da tsarin nan ya dogara a kai, wato yaro ya gwada ba tsoro. In biyu suka kama kokawa a kan kaya, ki durƙusa tsakaninsu, ki riƙe kayan a hannunki. Ki faɗi abin da kika gani: “Ranka ya ɓaci, ke ma kina so.” Kowa ya faɗi nasa. Sai ki ce: “Mota ɗaya, mutum biyu. Yaya za mu yi?” Ki karɓi shawarar da suka yarda da ita, ki tsaya kusa ki ga an cika. Da farko yana cin minti biyar. Dokokin aji kada su wuce uku ko huɗu, kuma su faɗi abin da za a yi: “a cikin ɗaki tafiya muke”, maimakon jerin kada-kada.

Iyaye da mai makaranta

A nan tsarin ya fi mutuwa. Uban da ya biya kuɗin makaranta da guminsa yana so ya ga littafi cike da rubutu, ya ji Turanci a bakin ɗansa, kuma yana da haƙƙin tambaya. In Hajiya ta ce “Malama, wasa kawai suke yi”, kada ki yi mata dogon bayani. Gani ya kori ji. Ki buɗe wa kowane yaro jakar takarda, duk mako biyu ki saka zane ko rubutu ɗaya da kwanan wata. Ki jera mata na farkon zango da na ƙarshensa. Ki kira yaron ya ƙirga mata canji a kusurwar kasuwa.

Aikin gida ya zama wanda uwa za ta iya ko ba ta yi boko ba: a ƙirga matakalar gida, a nemo abu uku masu zagaye a ɗaki, a karɓo tatsuniya ɗaya wurin kaka ko da ta waya ce daga Kano ko Sakkwato, a kawo ta aji. Mai makaranta kuma ki nemi ya ba ki zango ɗaya. A makon farko ki yi wa kowane yaro gwajin murfi biyar, ki sa ya zana mutum ya rubuta sunansa yadda ya iya, ki ajiye. A makon ƙarshe ki maimaita gwajin a gabansa, da murfi goma wannan karon, ki ajiye takardun biyu gefe da gefe a kan teburinsa.